Abokin Kuka Shi Ake Faɗa Wa Mutuwa: Ɗalibai Da Damuwar 'Yan'uwansu A Jami'o'inmu

A kowace jami'a ta ƙasar nan akwai wani asibiti da ba gwamnati ce ta gina shi ba, ba ya cikin kasafin kuɗi, kuma babu likita ko ɗaya a cikinsa. Wannan asibiti shi ne ɗakin kwanan ɗalibai bayan an ɗauke wuta, da gindin bishiyar da ake zama bayan an fito daga lacca, da barandar masallaci bayan sallar isha'i. A nan ne yarinya take faɗa wa ƙawarta cewa rabonta da barcin kirki tun farkon zangon karatu. A nan ne saurayi yake gaya wa abokin ɗakinsa cewa shi kam ya gaji da duniya. Kafin labari ya kai kunnen malami, ko uwa, ko likita, ya riga ya kwana a kunnen aboki.

Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: me abokin nan yake yi da abin da aka faɗa masa? Sau da yawa yakan ce, "Kai dai ka yi haƙuri," magana ta mutu a nan. Wani ya mayar da abin raha. Wani kuma ya tsorata ya yi gum, yana ɗauke da sirrin da ya fi ƙarfinsa. Babu wanda ya yi haka don mugunta, illa dai ba a taɓa koya musu abin da ake yi ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, tun da ɗalibai ne ke fara jin kukan junansu, ko muna so ko ba ma so, ya wajaba jami'o'inmu su horar da wasu daga cikinsu, su tsara musu aiki, su kuma tsayar da ƙwararru a bayansu. Shawarar tana da nata haɗarin, kuma zan zo kansa a gaba.

Kayan da ɗalibin yau ke ɗauke da shi

Masu nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa yawancin waɗannan larurori da ƙuruciya suke farawa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2005 ya nuna cewa rabin larurorin kan soma ne kafin mutum ya wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuwa kafin ya wuce 24. Ke nan shekarun jami'a su ne daidai lokacin da ciwon kan fito fili. Su ne kuma shekarun da yaro ya bar gaban iyayen da suka san halinsa, waɗanda da sun ga ya canza za su gane.

A kan wannan sai ka ɗora namu kayan na gida. Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnatin tarayya a 2019 ya ga yajin aikin malamai na kimanin wata tara a 2020, ya kuma ga na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Ya zauna a gida yana kallon sa'o'insa na jami'o'i masu zaman kansu suna gamawa suna tafiya bautar ƙasa. Da ya koma, sai aka cusa masa karatun zango guda cikin 'yan makonni. Bai gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista, kwanon gari ya zama abin lissafi. Asusun lamunin karatu da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyi, amma har yanzu akwai ɗalibin da sau ɗaya yake cin abinci a yini, yana kuma ɓoye wa abokansa don kunya.

Ga matsalar tsaro. An sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, da jami'ar Greenfield a watan Afrilun shekarar, da kuma ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau a Satumban 2023. Waɗanda abin bai shafa kai tsaye ba ma sun koyi kwana da kunne ɗaya a buɗe. Akwai wanda yake zaune a aji, alhali 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, iyayensa suna gudun hijira. Ga ɗalibar da wani malami ya matsa wa lamba, ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ga matar aure da ke haɗa goyo da girki da jarrabawa. Ga ɗan da shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a, kowa ya zuba masa ido, ya faɗi kwasa-kwasai biyu, ya kasa furta wa mahaifinsa da ya sayar da amfanin gona ya biya masa rajista.

Wanda ya rasa inda zai sauke kaya yakan nemi abin da zai mantar da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka yi nazari a kanta. Mun saba kallon mai shan kodin ko taramol a matsayin lalatacce. Wasu daga cikinsu marasa lafiya ne da suka rubuta wa kansu mugun magani.

Me ya hana a ce su tafi asibiti kawai?

Mai karatu zai iya cewa, ai ciwo na likita ne, me ya kawo yara cikin magana? Amsa ta farko lissafi ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa suke yi zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. A Arewa, manyan asibitocin wannan fanni ana iya ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da Shika. Ko da kowane ɗalibi mai damuwa ya yarda ya je, babu hannun da zai karɓe su duka.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi: ba za su je ba. Mu ne muka mayar da sunayen waɗannan asibitoci abin tsokana. In mutum ya yi abin da ba a gane ba, sai a ce, "Wannan sai Dawanau." A bakinmu kalma ɗaya ce ta haɗiye komai, wato hauka. Wanda fargaba ta hana shi shiga ɗakin jarrabawa, da wanda baƙin ciki ya kwantar, da wanda yake jin muryoyin da babu su, duk kwando ɗaya muka zuba su. Wace budurwa ce za ta yarda a gan ta a layin asibitin ƙwaƙwalwa, tana sane da cewa gobe masu binciken aure za su zo unguwa? Yawancin jami'o'i suna da sashen ba da shawara, to amma ɗalibai da yawa ba su san ƙofarsa ba, waɗanda suka sani kuwa suna ɗaukarsa wani reshe na hukumar makaranta, inda abin da ka faɗa zai iya shiga fayil ɗinka.

Amsa ta uku doka ce. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ci gaba ne babba. Sai dai sabuwar dokar ba ta goge sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ba, haka ma sashe na 327 na kundin laifuffuka na Kudu, waɗanda suka mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Majalisar dokokin Gana ta soke irin wannan tanadi a 2023. Yaron da ya san cewa furta abin da ke zuciyarsa na iya kai shi gaban ɗan sanda, wa kake jin zai faɗa wa in ba amininsa ba?

Inda aka gwada aka gani

Tunanin cewa mutanen gari na iya ɗaukar wani ɓangare na wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu jinya ke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, su je karɓar magani da rana su komo cikin jama'a da yamma. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin Aro shi ne, magani ya fi kama jiki in mara lafiya yana tsakiyar mutanen da suka san shi.

Misalin da ya fi ƙarfin hujja daga Zimbabuwe ya fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya ba da labarin yadda wata matashiya da yake dubawa ta hallaka kanta, saboda danginta ba su da kuɗin motar da za su kawo ta wurinsa a Harare. A 2006 ya fara horar da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, aka ajiye musu benci a harabar asibitocin unguwa, suna zama da masu damuwa ɗaya bayan ɗaya. Shirin shi ake kira Friendship Bench, wato bencin abota. Ba su yi amfani da manyan kalmomin likitoci ba, sun ɗauki kalmar da mutanensu suka sani a harshen Shona, kufungisisa, ma'ana yawan tunani. Da aka gwada shirin a kan mutum 573 a asibitoci 24, aka wallafa sakamakon a mujallar JAMA ta ƙungiyar likitocin Amurka a ƙarshen 2016, an ga cewa bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. Daga baya an buɗe reshen matasa, inda ɗaliban jami'a ke zaman bencin.

A jami'o'in Turai abin ya girmi haka. A 1970 aka kafa layin wayar dare mai suna Nightline a jami'ar Essex ta Ingila, ɗalibai ne ke ɗaukar wayar har gari ya waye. Ƙa'idojinsu a fili suke: ba a tambayar sunanka, ba a fitar da sirrinka, ba a yanke maka hukunci, ba a kuma tsara maka abin da za ka yi. A Amurka, wata ɗaliba a jami'ar Pennsylvania, Alison Malmon, ta assasa ƙungiyar Active Minds bayan yayanta ya kashe kansa a shekarar 2000. Ya daɗe yana ɓoye ciwonsa, kuma abokansa sun ga canji a tare da shi amma ba su san abin da za su ce ba. Yau ƙungiyar tana da rassa a ɗaruruwan makarantu.

A nan gida ma an fara. Dokta Victor Ugo, wanda ya yi fama da ciwon damuwa yana ɗalibin likitanci, ya kafa ƙungiyar matasa ta MANI a 2016. A shekarar ce kuma Hauwa Ojeifo ta kafa She Writes Woman. Gidauniyar Asido ta Dokta Jibril Abdulmalik da ke Ibadan tana da rassan ɗalibai a jami'o'i. Abin lura shi ne, yawancin wannan yunƙuri daga Kudu ya taso, kuma da Turanci yake magana. Ɗalibin da ya taso a Gumel ko Yabo, in abin duniya ya ishe shi, da Hausa yake kuka.

Aikin mai sauraro da iyakarsa

To, mene ne ainihin abin da za a koya wa ɗalibin da ya ba da kansa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani jagora a 2011 kan taimakon gaggawa ga wanda hankalinsa ya tashi, ta taƙaita aikin a matakai uku: ka lura, ka saurara, ka sada mutum da inda zai sami taimako. Waɗannan matakai sun dace da ɗakin kwanan ɗalibai.

Lura ita ce ta farko, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya saba fita sallah cikin jam'i ya daina. Mai son tsafta ta bar wanka. Mai ci ya daina ci, ko mai barci ya koma raba dare yana juyi. Ya janye daga mutane, ya daina zuwa lacca, abin da ke sa shi dariya a da ya daina burge shi. Likitoci sun ce in irin wannan hali ya wuce mako biyu yana hana mutum harkokinsa, ya fita daga sahun ɓacin rai na yau da kullum. Na san labarin wani ɗaki a wata jami'a inda ɗalibi ya shafe makonni a kwance yana kallon bango. Abokan ɗakinsa suna kawo masa abinci, suna sa masa hannu a takardar halartar lacca, suna rufa masa asiri iya ƙarfinsu. Ƙauna ce ta sa su, amma babu wanda ya faɗo masa a rai cewa wannan ciwo ne mai magani. Sai da jarrabawa ta wuce shi sannan gida suka ji.

Sauraro shi ne mafi wuya, domin mu mutane ne masu gaggawar ba da shawara. Kafin mutum ya rufe baki mun jawo masa labarin wanda ya fi shi shiga uku. "Kai da kake jami'a ma kana kuka, ina ga wanda bai samu gurbi ba?" Ko kuwa, "Ke dai kin cika raki." Irin waɗannan kalamai ƙofa suke rufewa. Wanda aka horar zai iya cewa, "Ɗan'uwa, kwana biyu na ga ba ka da walwala. In kana son magana, ga ni, kuma ba sauri nake yi ba." Sannan ya yi shiru, ya jure wa shirun. Kakannin Zimbabuwe ba sa warware wa kowa matsala. Sukan sa mutum ya lissafa abubuwan da suka dame shi, ya zaɓi guda ɗaya, su yi tunanin mafita tare, ya tafi ya gwada, ya dawo ya ba da labari. Ɗalibin da yake ganin duniya ta rufe masa, in aka zauna aka warware, wataƙila farkon zaren shi ne kuɗin rajista da za a rufe ranar Juma'a, kuma akwai ƙungiyar ɗaliban jiharsu da za a iya tuntuɓa.

Akwai tambaya ɗaya da kowa ke tsoro. In mutum ya fara cewa gara ma ya mutu ya huta, ko yana rabar da kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, to a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Mutane na zaton tambayar za ta cusa masa tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin ya sami wanda bai gudu ba. In ya amsa da e, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi ga likita a wannan rana.

Nan ne mataki na uku ya shigo, kuma nan ne iyaka. Ɗalibi mai sauraro ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, ba ya ce wa kowa ya daina shan wanda likita ya ba shi. Wanda ya fara jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutai da manyan shirye-shirye, ko ƙwaya ta kama shi har jikinsa na rawa in bai sha ba, ko aka yi wa fyaɗe, duk waɗannan sun wuce hira a gindin bishiya. Aikin aboki a nan shi ne rakiya. Da yawa ba za su taka asibiti su kaɗai ba, amma za su je in wani ya ce, "Tashi mu je tare, ni zan karɓo kati."

Inda gizo ke saƙar

Haɗari na farko shi ne baki. Jami'a ƙaramin gari ce, kuma a zamanin WhatsApp magana ɗaya na iya zaga makaranta kafin azahar. Ranar da sirrin ɗaliba ɗaya ya fita daga bakin mai sauraro, shirin ya mutu, kuma an yi mata illar da ta fi ta farko. Saboda haka ba kowa za a ɗauka ba. A tace, a nemi shaidar waɗanda suka zauna da mutum, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A kuma faɗa wa mai kawo kuka gaskiya tun farko: sirrinka yana nan a rufe, sai fa in ranka ko na wani yana cikin haɗari. Alkawarin da ba za a iya cikawa ba, kada a ɗauke shi.

Haɗari na biyu yana kan mai sauraron kansa. Shi ma yaro ne, yana da jarrabawarsa da yunwarsa. In aka bar shi yana kwasar baƙin cikin mutane ba tare da inda zai juye ba, garin neman gira za a rasa ido. Nasarar Zimbabuwe ba daga benci ta zo ba. Ta zo ne daga horo mai tsari, da adadin zama sananne, da ƙwararrun da ke bibiyar tsofaffin nan suna karɓar duk abin da ya fi ƙarfinsu. Duk shirin da aka kafa da lacca ta yini ɗaya da rabon riguna da ɗaukar hoto, ba tare da mai duba aiki ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haɗari na uku daga hukumomi yake. Ina tsoron ranar da wata jami'a za ta ga ɗalibai na aikin kyauta, ta ce an huta da ɗaukar ma'aikata. Masu sauraro ƙofa ce kawai, dole a sami ɗaki a bayanta. Kuma babu yawan sauraron da zai gyara ɗakin mutum huɗu da aka cusa wa goma, ko ya hukunta malamin da ke farautar ɗalibansa mata, ko ya fito da sakamakon jarrabawar da ya ɓata. In damuwar daga zalunci ta taso, maganinta adalci.

Sai kuma al'adarmu. A wurinmu ya fi dacewa mace ta saurari mace, namiji ya saurari namiji, a wurin da ba zai jawo zargi ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wannan zai kare masu kawo kuka daga wanda zai fake da taimako ya nemi wani abu daban, ya kuma sa iyaye su natsu.

Maganar addini

Wasu za su ce mai imani ba ya shiga damuwa, abin da yaran nan suka rasa shi ne tawakkali. Wannan magana ta hana mutane da yawa neman magani, domin ta ɗora musu laifi a kan ciwo. Tarihin Musulunci kansa ya san shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da dalili ba, ya danganta na biyun da yanayin jiki. Ya kuma yi bayanin amfanin samun wani na waje da zai yi wa mai damuwa magana, saboda mutum ya fi karɓa daga waninsa fiye da daga kansa.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan maganinsa, babu mai tuhumar imaninsa. Abin da ya kamata mu guje wa shi ne jingina kowace larura ga aljanu ko sammu har lokaci ya ƙure. Ba mu manta da abin da aka gani a 2019 ba, sa'ilin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can neman gyara suka je, ba su san wata ƙofar ba. Shi ya sa nake ganin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da takwarorinta na ɗalibai Kirista irin su FCS su ne ya kamata su shige gaba. Suna da amanar ɗalibai, suna da rassa a kowace tsangaya, kuma in limamin makaranta ya faɗa a kan mumbari cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba raunin imani ba ne, ya yi aikin da fasta dubu a jikin bango ba za su yi ba.

Ta ina za a fara?

Ba a bukatar sabon gini. Shugaban sashen harkokin ɗalibai ya zauna da sashen ba da shawara, da asibitin makaranta, da malaman nazarin halayyar ɗan'adam, da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa. A zaɓo ɗalibai kaɗan daga kowane ɗakin kwana da kowace tsangaya, kada a manta da mazauna wajen makaranta a unguwanni irin su Samaru da Ɗanbare, waɗanda su ne suka fi zama cikin kaɗaici. A ba su horo na kwanaki da gwaji a aikace, da Hausa da Turanci. A sa musu ƙwararre guda da za su riƙa zama da shi a kai a kai, da lambar da za su kira ko da tsakar dare ne. A ƙayyade musu lokutan aiki, a ɗaga musu ƙafa lokacin jarrabawarsu, a ba su takardar shaida in sun gama.

Majalisar jami'a kuma ta sauƙaƙa hanyar jingine zangon karatu saboda larurar ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake yi wa wanda ya karye a haɗarin mota. Tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni su kafa ɗan asusun gaggawa na abinci da kuɗin magani. 'Yan majalisarmu su dubi sassan dokar nan da ke hukunta wanda ya fi kowa bukatar jinya. Malamai 'yan'uwana masu harshe kuma su taimaka mana da kalmomi, domin muddin hauka ce kaɗai kalmar da muke da ita, babu mai ɗaga hannu ya ce yana ciki.

Kai kuma ɗalibi, ba sai ka jira an kafa kwamiti ba. Akwai wanda ka kwana biyu ba ka gani a aji ba. Neme shi yau, ka zauna, ka tambaye shi lafiya, ka jira amsa ta biyu, domin ta farko kullum "lafiya lau" ce. In kuwa kai ne kayan ya yi wa nauyi, ka sani ciwon yana da suna, yana da magani, kuma mutane da yawa sun warke sun ci gaba da rayuwarsu. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ka bar shi ya raka ka wurin likita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu a inda suke neman ilimi.